Fanshon Kawu Manaja

Duk wanda ya san Kawu Idi ya san agogonsa. Agogon nan tun ina budurwa ya tsaya, bai ƙara motsi ba, amma kullum da safe in ya gama shan koko sai ya ɗaga hannu ya dube shi, ya zabura: "Kai! Na makara! Yau Manaja zai ci mutuncina!" Ya ɗaure tafireta a bayan keke, ya rataya 'yar kujerarsa a gaba, ya fita yana haki. Baƙo in ya gani sai tausayi ya kama shi, ya ce wai wane ne wannan manaja marar imani? Sai mu ce masa to ai shi ne. Shi ne manajan, shi ne ma'aikacin, shi ne masinja. Da haka sunan ya bi shi, har jikoki ba su san Idi ba, sai Kawu Manaja.

Ƙanin Innata ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Ba'awa. Ni kun san ni, ba inda nake zuwa, amma kunnena yana zuwa ko'ina. Ɗan karatun da nake rubuta muku wannan da shi ma, rabi na yaƙi da jahilci ne, rabi shi ya cusa min.

Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa. Ba shago, ba ubangida. Yau yana gindin tsamiya a kasuwar Ƙafin Maiyaki, gobe Kiru, jibi ka ji shi a Bebeji ko Tudun Wada. Mai ɗa a Ikko, mai miji a ci-rani, duk su zauna gabansa su faɗa, shi kuma yana ƙwas-ƙwas-ƙwas da yatsa biyu. Wata rana barci ya kwashe shi bayan azahar har la'asar. Da ya farka sai ya buga wa kansa takardar gargaɗi, ya sa hannu, ya dakatar da kansa kwana biyu. Matarsa Iya Hanne ta ce, "Malam, yau ba fita?" Ya ce, "An kore ni, Hanne. Ki taya ni ba shi haƙuri." Ta ce, "Ni wallahi da manajan da ma'aikacin duk na gaji da su!"

Tsimi kuwa, Allah Ya jiƙan rai! Ƙyallen tawadar tafireta in ya bushe, mutane Kano suke zuwa su sayo sabo. Ban da Kawu. Ya ce ƙyalle bai yage ba, don me za a yar da shi? Ya samo tawadar allo ya dama da man gyaɗa, ya shafe ƙyallen tas. Rubutu ya fito baƙi ƙirin, yana ta nuna wa mutane. Bayan wata guda amsa ta zo daga Ikko, daga ɗan wata tsohuwa, kuma Kawu ne da kansa ya karanta mata a gaban jama'a: "Bayan gaisuwa, na ga takarda, amma kiyashi sun riga ni karantawa. Sun cinye tun daga sallama har sa hannu. Don Allah a gaya wa mai rubutun ya daina soya wasiƙa." Ana ta dariya, shi ko a jikinsa. Ya naɗe takardar ya ce, "Ai kun gani, rubutuna har ƙwari sun san daɗinsa."

Mai ƙin yin dariya ɗaya ce, Inna. Ita abin da ke cinta kullum shi ne tsufansa. 'Ya'yansa duka mata ne, sun yi aure nesa, gonarsa kuwa ko zakara ya yi gudu zai ƙure ta. Takan ce, "Idi, ranar da ƙafarka ta kasa taka keken nan, wa zai riƙe ka? Manajan?" Ba ta huta ba sai da ta sa wani surukinmu ya samo masa aikin buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Albashi duk wata, ga fansho a ƙarshe. Inna har waina ta yi ta raba.

Kwana uku ya yi. Ranar farko aka ce ya sa hannu a rajista ya rubuta lokacin da ya zo. Ya duba agogonsa ya rubuta sha ɗaya da kwata, alhali da sassafe ne. Rana ta biyu ya buga takardun sati guda kafin azahar, ya tashi zai tafi, aka ce a'a, zama ake yi har lokacin tashi. Ya ce, "Zaman me?" Aka ce zaman aiki. Ya ce, "Aikin ya ƙare." Aka ce to zaman bai ƙare ba. Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ya je wajen shugaban akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane na can gindin tsamiya suna jirana." Shi kuwa ya ce, "Malam Idi, nan ba a fita sai da izini." Kawu ya ce, "To bari in tambayi wanda ya fi ka." Ya juya ya yi ƙus-ƙus da kansa, ya juyo ya ce, "Ya ba ni." Ko albashin kwana ukun bai koma karɓa ba. Sati biyu Inna ba ta amsa gaisuwarsa.

Sai kuma zamani ya juya masa baya. Kaset ya shigo. Mutane suka gane za su iya yin magana a rakoda, a kai wa nasu can ya ji murya, har da kuka da tari. Wa zai zauna jiran ƙwas-ƙwas? Kawu ya yi ta zuwa gindin tsamiya yana dawowa da farar takardarsa. Na gan shi wata yamma zaune yana goge tafireta da gefen rigarsa. Inna ta leƙo ta katanga ta ce, "Da yanzu kana da albashi." Ya ce, "Yaya, ana taron gaggawa, kada a dame mu."

Da taron ya tashi, tunkiyarsa ce ta tafi kasuwa, rakoda ta dawo gida. Ya koma bin ƙauyuka da rugage yana ɗaukar murya. Wai shi batir ba a wasa da shi, sai ka yi gwajin maganarka sau biyu kafin ya danna. Ni kaina da zan aika wa maigidana saƙo yana ci-rani, sai da ya ce, "Ladi, gaisuwar ta yi yawa, kaji ma kin ce suna gaishe shi. Rage!"

Babban aikinsa shi ne na Ardo Buba, wani dattijon Bafulatani a wajen Doguwa. Ɗansa ya tafi gadi Ikko ya ƙi dawowa, shekara uku Kawu yana buga masa wasiƙa. Da aka ajiye rakoda gaban Ardo sai ya ƙura mata ido. Can ya ce, "Manaja, abin nan yana jin shanu?" Kawu ya ce, "Ba ya wariya." Suka shiga garke, Ardo ya kira wata farar saniya da yaron ya raina tun tana maraƙa, ta amsa da ƙarfi, sauran suka ɗauka. Kaset guda cur, ba muryar mutum sai kukan shanu da Kawu yana cewa, "Kai, ta taka ni!" Kafin damina ɗan Ardo ya dawo da jakarsa. Kawu ya shigo gidanmu yana ɗingishi ya ce, "Shekara uku ina zuba hikima bai zo ba. Saniya ta yi magana sau ɗaya!"

Ranar da Inna take tsoro kuwa ta zo. Ƙafa ta kumbura, keke ya jingina a zaure. Inna ta fara rage tuwonmu tana miƙawa ta katanga. Ba a yi sati ba sai ga matan gidan Ardo da ƙwaryar nono da man shanu. Washegari tsohuwar nan mai wasiƙar kiyashi ta aiko da dawa. Wani daga Bebeji ya kawo shinkafa, wani ya zo ya nome masa gonar bai ko sha ruwa ba. Haka aka yi ta yi, wata bakwai, zauren bai taɓa zama ba kowa ba. Ya sa aka kira Inna, ya nuna mata ƙoren da ke jere ya ce, "Yaya, ga fanshon. Kin ga nawa har da man shanu." Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye.

Bayan rasuwarsa muka buɗe tafireta, muka tarar da takarda a ciki, da tawadar nan mai ƙanshin ƙuli-ƙuli. Ni na karanta: "Zuwa ga Idi. An ba ka hutu. Ka yi aiki da gaskiya. Manaja."

Allah Ya sa Manajan gaskiya, wanda ba Ya barci, Ya karɓi wannan shaida. Allah Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya hutar da shi hutun da babu makara a cikinsa. Amin.