Ranar da Hajiya ta shigo ɗakin 'yan fata

Shekarun baya, da na samu aiki a kamfanin fata a Challawa, na kama hayar ɗaki a Kumbotso, a layin malamai da ma'aikatan gwamnati. Warin aikin fata ba ya jin sabulu, nan da nan aka sa mana suna 'yan fata. A masallaci sai a bar mini fili hagu da dama kamar wani babban baƙo. Matata ta taɓa aika wa maƙwabta ɗanwake, kwanon ya dawo ko buɗewa ba a yi ba.

Sai ga haihuwa. Mahaifiyata tana Jigawa ba lafiya, surukata kuma ta rasu. Abin da ke cin raina shi ne ranar suna, in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a rasa mai zama.

Da aka rasa mai yi wa mai jego wanka, na ce zan iya. Na hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe gidan da ke jikin namu. Gidan Hajiya ne, mahaifiyar limamin layin, wadda da kai kawai take amsa gaisuwata. Ta shigo da niyyar faɗa, ta tarar da ni tsugune ina hawayen hayaƙi, riƙe da ganyen mangwaro maimakon darbejiya. Ta dube ni, ta dubi matata.

"Tashi ka ba ni wuri. Namiji da wankan jego, muna raye a layin nan?"

Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri da warin fata."

"Ni ƙamshin jaririya nake ji."

Daga ranar ta karɓi wanka da kunun kanwa. Ranar suna na shimfiɗa tabarma biyu kacal don kada in kunyata. Ana idar da sallar asuba sai ga liman da jama'ar masallaci kakaf, sai da aka ɗebo tabarmin masallacin. Ashe Hajiya ta ce duk wanda bai zo ba kada ya ƙara zuwa gaishe ta. Liman ya kama hannuna, wanda na saba ɓoyewa a aljihu, ya daɗe bai saki ba.

Har yau aikin fata nake yi, warin ma yana nan. Amma duk ranar da na tuna safiyar nan sai in ji ƙirjina ya cika da farin ciki. Yarinyar sunan Hajiya ta ci, kuma a gidanta ta koyi tafiya.