Sa Hannun Mai Sauro

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da shagon askin Farfesa, saboda haka duk haukarsa a kunnena take ƙarewa. Ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba, mu muka laƙaba masa sunan. Sauran masu aski hotunan 'yan ƙwallo suke mannawa, shi kuwa masana kimiyya ya jera a saman madubi, kowanne da sa hannunsa. Shi yake aika musu roƙo, ya zauna jira. Ran da amsa ta iso, rawa yake takawa da almakashi a hannu, na kan kujera yana kare kunnuwansa.

Abin alfaharinsa shi ne Mai Sauro, wani masanin zazzaɓi mai tulin suma. Shi ya fara amsa masa, lokacin da duk layinmu ke yi masa dariya. Taɓa wannan hoton, ka ga ɓacin rai.

Wata rana na shiga aron cajar waya, sai ga wani tsoho mai sanƙo ya zo gyaran gemu. Farfesa ya shafa masa kumfa, ya fara karatun da ya saba: wancan na taurari, wancan na girgizar ƙasa. Da ya iso kan Mai Sauro, tsohon ya ɗaga ido.

"Wannan ba sa hannunsa ba ne."

Farfesa ya ajiye reza a hankali.

"Baba, gemu ka kawo ko rigima?"

"Sakatariyarsa ce ta sa. Shi yana can bakin fadama yana kamun sauro, ina ya ga lokaci?"

"A gabanka aka yi?"

"Ni ne, ɗana. Sumar ce ta gudu."

Farfesa ya dubi kunnen hoton, ya dubi kunnen tsohon, don mai aski ba ya ɓatan kunne. Sai ihu! Ya fita titi da tawul a kafaɗa, ya rungume mai facin tayar layinmu, ya dawo ya gaishe ni kamar yau ya fara ganina. Ni ma dariya ta hana ni tsayuwa.

Can sai jikinsa ya yi sanyi. Ya sauko da hoton, ya cire gilashin, ya tsura wa rubutun ido. Wallahi ya ba ni tausayi.

Tsohon, kumfa har wuya, ya zaro biro daga aljihu. "Kawo in soke nata, in sa maka na gaske."

Farfesa ya yi wuf ya ɗora babban yatsa a kan rubutun.

"Sa naka a gefe, ranka ya daɗe. Kar ka taɓa nata. Ita ce ta amsa mini."