Ɓeran Widad a Bakin Tukunyar Sabulu

Duk unguwar masu sabulu a Halab ta ƙasar Sham babu wanda bai san Gassan ɗan goggona ba. In ya tsaya a ƙofar masana'anta sai an kunna fitila a ciki, ko da azahar ce. Shekara talatin yana juya tukunyar sabulu da muciyar da ta fi mutum biyu tsawo, har damatsansa suka zama kamar tulunan man zaitun. Ya taɓa ɗaga jaki da kayansa ya ajiye a gefe don ya tare masa hanya. Wasu sun ce ɗan jaki ne. Hassada ce kawai.

To amma wannan ƙaton, in ka ce "ɓera" a bayansa, sai dai ka nemo shi a kan tebur. Yana ɗan shekara tara wani ɓera ya shige masa wando a rumbun mai, ya hau ta ƙafar dama ya sauko ta hagu. Tun daga ranar Gassan ke cusa bakin wandonsa cikin safa, zafi da sanyi, har ranar Idi.

Ya kai arba'in da huɗu bai yi aure ba, Goggo ta yi kuka har ta gaji. Sai Allah ya kawo Widad mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Mace ce mai magana ɗaya. Manya sun zauna sun sha gahawa, saura sa rana, sai aka aiko cewa yayarta ta haihu a birnin Lazikiyya, za ta je ta yi kwana goma.

Ranar tafiya ta same shi a ƙofar masana'anta, tana riƙe da wani abu lulluɓe da tawul.

"Riƙe mini wannan, Gassan. Shekaranjiya na saye shi a kasuwar tsuntsaye, ko da ni bai saba ba tukuna."

Ta yaye tawul ɗin. Keji ne, a ciki ga wani ɗan abu mai launin ruwan zuma, bai cika tafin hannu ba, kumatunsa sun kumbura da abinci kamar mangalar jaki. Ya zuba wa Gassan ido.

"Widad... wannan ai ɓera ne."

"Hamsta ne. Ka ga wutsiya a jikinsa?"

"Ƙila ya ɓoye ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na zauna shekara tara da mutumin da in ya shigo gida ko kyanwa fita take yi. Allah ya jiƙansa, amma ba zan sake ba. Ina so in dawo in ga abin nan a tafin hannunka yana cin abinci. In na gani a sa rana. In ban gani ba, kowa ya kama gabansa, ba faɗa."

Ta karanta masa ƙa'idoji. Kwana uku kada ya taɓa shi, magana kawai zai riƙa yi masa a hankali. Ya wanke hannu kafin ya matso. Kada ya zo masa ta sama kamar shaho, kada ya tashe shi daga barci. Ya zuba 'ya'yan kabewa a tafin hannu, ya shimfiɗa, ya jira shi ya hau da kansa. Gassan yana ta gyaɗa kai.

Kwana ukun farko ya bi ƙa'ida sosai, don ko an ba shi birnin Halab ba zai taɓa shi ba. Maganar ma yana yi, amma daga bakin ƙofa. "Salamu alaikum," in ji shi. "An tashi lafiya? Ya sanyi?" Abinci kuwa, ludayi ya ɗaure a sandar tsintsiya yana miƙawa daga nesa, rabi a keji rabi a ƙasa.

Rana ta huɗu ya yi ta maza. Ya sa safar hannun nan ta fata da yake ɗibar ruwan toka da ita, ya zura hannu. Ɗan abin ya shaƙi warin, ya miƙe a kan ƙafa biyu ya yi wata 'yar ƙara, ya nuna haƙora. Gassan ya rantse haƙoran sun kai na raƙumi. Goggo ta same shi a tsakar gida yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwana shida ke nan tun tafiyar Widad bai runtsa ba, yana jin motsi a kusurwar ɗaki yana lissafin ko an kulle kejin. Ya rame har ka ga haske kaɗan ta gefensa in ya tsaya a ƙofa. Sai ya yi tunani irin na masu sabulu. A wurinsu duk wani abu mai daraja a ɗakin shanya ake ajiye shi, wato ɗakin ƙasan nan inda ake jera sabulu hasumiya-hasumiya ya bushe wata tara. Babu laima, iska na shiga ta kowace taga, ga sanyi mai daɗi. Can suke ajiye cuku da zaitun, can tsoho Abu Nadim, maigidan masana'antar, ya rataye kwat ɗin aurensa shekara arba'in ba abin da ya same ta. Gassan ya ce ai babu wurin da ya fi nan lafiya. Ya kai kejin ya ajiye tsakanin hasumiyoyi biyu, ya koma gida ya yi barci kamar gawa.

A kwanakin nan ne sanyi ya sauko, irin wanda ruwan alwala ke daskarewa a buta.

Safiyar rana ta goma, ranar dawowar Widad, ya sauka da ludayinsa. Abincin jiya na nan yadda ya zuba. Ɗan abin ya dunƙule a kusurwa, hanci a cikin ciki. Gassan ya yi sallama, shiru. Ya taɓa shi da ludayi, ya mirgine kamar dutse.

"Maigida!" Muryarsa ta fito siririya kamar ta amarya. "Maigida, zo ka gani!"

Abu Nadim ya sauko yana tari, ya sa yatsa ya taɓa. "Sanyi ƙalau. Wannan ya riga mu, ɗana. Allah ya ba ka haƙuri, da shi da auren duka."

"Maigida, ba lokacin wasa ba ne."

"To ruga kasuwar tsuntsaye ka sayo wani. Duk kamarsu ɗaya, kamar sabulun tukunya ɗaya."

Gassan ya girgiza kai. Yana tsoron Widad, amma ya fi tsoron ya fara zama da ita a kan ƙarya. Ya ce a'a, zai kai mata amanarta yadda take, ya faɗi abin da ya yi, ta binne shi a gindin lemon gidanta. Ya sa hannu, hannu tsirara karo na farko, tunda matacce ba ya cizo. Bai kai nauyin rabin sabulu ba. Ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun ciki na rigarsa, daidai ƙirji.

"Sai la'asar motarta za ta iso," in ji Abu Nadim. "Yau kwana uku tukunya na wuta, yau ake zuba man gar, man nan mai ba sabulu ƙamshi. Hau ka juya, makoki ba ya dafa sabulu."

Tukunyar nan, in ka jefa saniya uku a ciki ba za ka ga ƙahonsu ba. Mai juyawa yana tsayawa ne a kan wani katako da aka gitta a bakinta, faɗinsa taki ɗaya, ƙarƙashinsa koren sabulu na tafasa yana tsartuwa. Ɗigo ɗaya in ya same ka sai ka tuna da shi har tsufa. Gassan ya hau, ya kama muciya da hannu biyu, yana juyawa yana shirya abin da zai ce. Tururi ya rufe shi, gumi ya jiƙa masa riga. Awa guda, awa biyu.

Sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa.

Ya ce zuciyarsa ce. Ya ci gaba. Sai zuciyar ta yi atishawa.

Muciya ta tsaya cak. Ya ji ƙananan farata suna yakushin hankici, suka fito, suka kama gashin ƙirjinsa suna hawa. Duk jikinsa ya ce masa yi tsalle. Amma tsalle zuwa ina? Gaba tukunya, baya tukunya.

"Kai Gassan, za ta kama!" Abu Nadim ya daka tsawa daga ƙasa. "Juya mana, ko aljanu sun shafe ka?"

"Maigida," ya ce ta tsakanin haƙora, leɓɓansa ba sa motsi. "Ya... tashi."

"Wa ya tashi?"

Wani ɗan kai mai gashin baki ya leƙo ta wuyan rigarsa. Ma'aikata shida suka saki abin da ke hannunsu. Ɗaya ya fara salati, ɗaya ya fara dariya ya haɗiye ta.

"Kada kowa ya matso," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Katakon ba zai ɗauki biyu ba. Gassan, ɗana, numfasa."

Bai iya ba. Abin ya hau kafaɗarsa, gashin bakinsa na shafar kunnen Gassan. Ɗan abin na layi kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ya juya ya fara gangarowa ta dantsen dama, ya wuce gwiwar hannu, ya nufi muciya, muciyar da ta nutse cikin sabulu mai tafasa, ga ta da santsin mai. Taki uku na ɗan abin nan ya rage.

Gassan ya saki hannun hagu daga muciyar. Ya tuna ƙa'idar Widad, kada ya zo masa ta sama, sai ya kawo hannun ta ƙasa, ya shimfiɗa tafin a gaban hancinsa, ya tare hanya. Ya jira. Tururi na dafa masa bayan hannu. Abin ya sansana babban yatsa, ya sansana na biyu, ya buɗe baki. Gassan ya rufe ido yana jiran haƙoran raƙumi.

Ashe hamma ɗan abin ya yi. Sannan ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗora ta biyu, ya hau ya zauna a tsakiyar tafin, don nan ne wuri mafi ɗumi da ya samu a kwana huɗu.

Gassan ya saki muciya gaba ɗaya, ya rufa da ɗaya hannun a hankali, ya ja da baya taki-taki har ya ji dutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Nan ya zauna daɓas. Ƙasa ta girgiza, an ce hasumiya biyu sun zube a ɗakin shanya.

"Ashe sanyi ne ya sumar da shi," in ji Abu Nadim yana leƙawa. "Mun kusa binne bawan Allah da ransa. Ku ba shi ruwa."

"Wanne daga ciki, maigida?"

"Ƙaramin tukuna. Babban ba zai iya haɗiya ba."

Da la'asar Widad ta same shi a wurin, bai motsa ba, don ba wanda ya yarda ya karɓi ɗan abin, shi kuma bai san yadda ake saukewa ba. Wani ya zuba masa 'ya'yan kabewa a hannu, ɗan abin na ta cusawa a kumatu. Kafin ta ajiye jaka Gassan ya zayyana mata komai, da ludayi, da safar fata, da ɗakin shanya, da hankici. Fuskarta ta yi ja.

"A ɗakin ƙasa? Cikin wannan sanyin? Cuku ne shi?"

"Na yi kuskure, Widad."

"Me ya hana ka ce mini kana tsoro tun farko?"

"Tsoro."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Gumi na zuba daga haɓarsa, bayan hannunsa ya yi jawur da ƙuna, kafaɗunsa na kaɗawa, amma tafin na nan shimfiɗe ko gezau.

"Har yanzu kana jin tsoronsa?"

"Wallahi kamar in mutu."

Ta durƙusa ta kwance ɗankwalin wuyanta, ta jiƙa da ruwan sanyi ta ɗora masa a kan ƙunar.

"Ka gaya wa su mamarka su zo ranar Alhamis a sa rana," in ji ta. "Kuma ka sani tun yanzu, da shi zan tare. Kejin a ɗakinmu zai zauna, kusa da murhu, ta gefen da kake kwanciya."

Gassan ya dubi abin da ke hannunsa. Abin ya dube shi, kumatu fam.

"To," ya ce, da wata 'yar murya da sai da Abu Nadim ya sa hannu a kunne ya ce a maimaita.