Harba-ka-rugan Kawu Sajan

Duk wanda ya san Kawu Sajan ya san yatsan nan nasa. Da an ji wata ƙara sai ya ɗaga shi sama, ya karkata kunnen dama, don na hagu ya daɗe da mutuwa, ya faɗi sunan bindigar da ta yi ta. Kuma kun sani bai taɓa shiga soja ba. Tela ne a bayan Meri, wato ofishin magajin gari, a unguwar Adjamé, tsofaffin sojoji da ke kai masa ɗinki su suka laƙaba masa Sajan, saboda ya ishe su da tambaya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi tun muna unguwar Biafra can Treichville.

Wata rana muna kasuwar Guro tayar gbaka, motar haya, ta fashe. Kafin in waiga, Kawu ya shige ƙarƙashin teburin mai tumatir. Yatsa kawai ya leƙo.

"Igwa ce! Kwanta, Sani!"

"Kawu, taya ce."

"To, tayar igwa ce," in ji shi, yana share tumatir daga hula.

Ga shi ba ya iya kallon jini. Ran Layya maƙwabci ke yanka masa rago, shi yana bayan ƙyaure yana tambaya, "An gama?" Amma ku zauna da shi, zai fara daga baka da kibiya, ya zo kan bindigar ƙanƙara, ya zo kan mai ruwa da Turawa suka ci ƙasa da ita, har zuwa kalash. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Bindigar zamanin da tana ba mutum lokacin hucewa. Kafin ka gama ɗura ta, zuciya ta sauka."

Yana da guda, gadon kakansa maƙeri daga Katsina, irin wadda ake kira harba-ka-ruga. Da yake Kawu ba ya barin abu ya zauna banza, ya warware ta. Bututun Inna Hajjo, matarsa, ke hura gawayi da shi. Ƙotar tana tokare ƙofar ɗakin ajiya.

Sai rikicin nan ya zo. Ba na son yawan magana a kansa, kun ji abin da muka ji. Kwana tara ba mu leƙa titi ba. Yatsan Kawu ya daina ba mu dariya, domin yanzu yana faɗa daidai. In ya ce, "Nesa ce, ku ɗora tukunya," sai a ɗora. In ya yi shiru, kowa ya kwanta.

A ɗakin ajiyar nan muka ɓoye Musiye Kwasi, tsohon malamin makaranta, abokin darar Kawu na shekara talatin. Sunansa kaɗai, da ke nuna ƙabilarsa, ya isa a kashe shi a unguwar a kwanakin. Mu ma da muka ɓoye shi haka.

A rana ta goma da hantsi aka doka ƙofar gida. Samari huɗu, kowa da kalash. Babbansu, mai jan ƙyalle a ka, ya ce a buɗe ɗakuna duka, makamai suke nema. Suka buɗe na farko, suka buɗe na biyu. Saura ɗaya kafin na ajiya.

Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki bututun a gefen murhu yana juyawa.

"Kai! Ajiye min bindiga!" in ji Kawu.

Inna Hajjo ta dafe ƙirji. "Malam, don Allah!"

Bakunan kalash huɗu suka juyo kansa. Mai jan ƙyallen ya dubi bututun, duk toka, ya ce da Kawu, "Tonton, wannan ce bindiga? Tiyon famfo dai."

"Tiyo? Ta girmi kakanka! Sani, miƙo min ƙotar."

Na kasa motsi. Ƙotar ita ke tokare da ƙofar da Musiye Kwasi ke bayanta. Kawu ya je da kansa, ya zare ta, ya jingina bayansa da ƙofar, ya zauna daram a ƙasa. Ya aiki Inna ta kawo kunamar bindigar daga gwangwanin maɓallai. Ya ce a ba shi zare. A raina na ce tsohon nan ya gama da mu saboda taurin kai.

Ya fara haɗawa, yana koyarwa. Nan ake zuba albarushi. Nan ake cusa tsumma, a danna da sanda, ba da ƙarfi ba. Dutsen ƙanƙara mai tartsatsi a nan yake zama, in an yi ruwa kuma sai dai ka ruga. Ya ɗaura, ta warware, ya sake ɗaurawa. Ya tambayi ɗayansu ko ya san wanda ya fara sa harsashi ta gindin bindiga. Bai sani ba. Kawu ya girgiza kai, ya koma kan baka da kibiya.

Samarin suka fara dariya. Ɗaya har ya tsuguna yana riƙe masa zare. Can aka yi musu fito daga titi. Mai jan ƙyallen ya ce, "Tonton, kafin ka gama ɗura wannan yaƙi ya ƙare." Suka ɗauki buhun shinkafarmu suka fita.

Inna ta fashe da faɗa tana kuka. Na je in ɗaga shi, sai na ga ba zai iya tashi ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da ƙeya, a hankali.

"Kwasi, kana nan?"

"Ina nan, Sajan."

"To, ka ga ta yi aikinta. Sun huce."

Wancan makon da muka kai Kawu makwanci, Musiye Kwasi ya tsaya daga nesa da sandarsa har aka watse, sannan ya roƙi Inna ta ba shi ƙotar. Ta ba shi. Bututun ta ce a bar mata, da shi ta saba.

Allah Ya jiƙan Kawu. Yadda ya jingina bayansa da ƙofar nan, Allah Ya tsare masa tasa, Ya sa kada ya ƙara jin ƙarar da za ta tsorata shi. Amin.