Ranar da Na Rantse Babu Soja a Gidanmu

A shekarun da tashin hankali ya yi ƙamari a can arewa, ni mace ce 'yar shekara arba'in da ɗoriya, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwa, ina zaune a gidan da iyayenmu suka bar mana a unguwar New Bell, cikin birnin Douala. Aurena ya mutu tun da daɗewa, Allah kuma bai ba ni haihuwa ba. A gidan nan ni ce uwa ni ce uba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da baki, ina da zafin kai, ban kuma iya yarda da mutum ba. Abokan sana'ata har tsokanata suke yi, wai ko kaza ce ta shigo rumfata sai na tambaye ta wanda ya aiko ta. A lokacin dariya nake yi, ina ganin yabo ne.

Ƙanina guda ɗaya ne, ni na goya shi. Da ya shiga soja aka tura shi bakin iyaka, sai ya bar mini matarsa da 'ya'yansa biyu, mace da namiji. Yarinyar tun da aka yaye ta a gadona take kwana. Ni nake yi mata kitso, ni nake raka ta makaranta, in ta buɗe baki ta ce Gwaggo sai in manta ban haihu ba. Duk abin da na yi daga baya, ina gaya wa kaina don ita na yi, don kada wani abu ya raba ni da ita.

Matar ƙanina 'yar wani ƙauye ce kusa da iyaka, iyayenta suna can, muna kuma jin labarin yadda mutanen daji suke bin dangin sojoji har gida. Mu ma a nan Douala ba mu tsira ba, don Bahaushe ya rataya jaka ya shiga kasuwa sai ka ga ana ja da baya ana kallonsa. Saboda haka na kafa doka a gidan: kada wanda ya kuskura ya ce ƙanina soja ne. Duk wanda ya tambaya a ce direban babbar mota ne, yana kai kaya arewa. In ya zo hutu ma sai ya tuɓe kakinsa a hanya ya shigo da jamfa. Ranar da labari ya zo cewa nakiya ta tashi da motarsu, har an binne shi a can, ina kuka ina gaya wa masu ta'aziyya hatsarin mota ne. Matarsa ta shiga takaba a ɗakin ƙurya, ni kuma na zama bakinta, na zama kunnenta. Wayarta ma na karɓe, na ce mai takaba ba ta bukatar surutu.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama a ƙofar gida. Na leƙa na ga mutum biyu. Ɗaya mace ce 'yar kudu, ta ɗora ɗankwali a kai yadda kana gani ka san don mu ta ɗaura shi. Ɗayan namiji ne dogo, yana ɗingishi, rataye da baƙar jaka, Hausarsa irin ta Fulanin arewa. Matar ta yi mini bayani da Faransanci cewa daga wata ƙungiyar agaji suke, ofishinsu na unguwar Bonapriso, sun sami tallafi don iyalan sojojin da suka rasu, suna ɗaukar nauyin karatun marayu, suna kuma kafa wa matan sana'a. Tun kafin ta rufe baki na fara tambayar kaina. Wa ya gaya musu? Sai namijin ya ƙara dagula mini lissafi. Ya kira sunan yarinyar, ya tambaya ko ƙanenta ya fara tafiya, ya ce ai ni ce yayar nan mai atamfa da ba a cin bashinta. Ya faɗa yana murmushi. A zuciyata na ce wannan ba ɗan agaji ba ne, ɗan leƙen asiri ne, an daɗe ana bibiyarmu.

Na sha toka na ce musu sun yi ɓatan hanya. Matar ta roƙe ni in bar ta ita kaɗai ta shiga ta gaida mai takaba, tunda mace ce. Na ce a al'adarmu mai takaba ba ta ganin baƙo ko da mace ce. Ƙarya nake yi, na kuma san ƙarya nake yi, don mata suna shiga wurinta safe da yamma. Na fake da abin da baƙuwar ba ta sani ba na rufe mata ƙofa. Da suka matsa, na ɗaga murya na rantse da Allah ba a taɓa yin soja a gidan nan ba, mu ba mu san wani soja ba. Yarinyar tana bayana riƙe da zanena. Bayan sun tafi matar ƙanina ta kira ni ta ce kamar ta san muryar namijin nan, don Allah in ya dawo a tambaye shi sunansa. Na daka mata tsawa na ce ta ji da addu'arta, ta bar mini harkar waje.

Daga ranar na rasa sukuni. Mai babur ya tsaya kusa da gida sai in ce nasu ne, mai gyaran takalmi ya daɗe a lungu sai in ce gadinmu yake yi. Na hana yarinyar wasa a waje. A wancan lokacin matasan unguwa sun kafa 'yan sintiri saboda tsoron masu tayar da bam, sai na je na rada wa shugabansu cewa akwai wani gurgu mai baƙar jaka da yake zagaya gidanmu, ban yarda da shi ba. Ban ce a taɓa shi ba, amma na san abin da baƙar jaka take nufi a kunnen mutane a shekarun nan.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo shi kaɗai, da la'asar. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, bai ko taka dokin ƙofa ba. Ni kuwa maimakon in amsa sai na kwarma ihu na ce ga shi nan. Kafin ya buɗe baki sun rufe shi da duka. Wani ya fizge jakar ya yi jifa da ita, wani ya kama ƙafarsa zai ja shi a ƙasa, sai ƙafar ta cire ta biyo hannunsa. Ta roba ce. Kowa ya tsaya cak. A daidai nan matar ƙanina ta fito da gudu ba takalmi, ita da ba ta taka ko tsakar gida sosai ba tun da ta shiga takaba, tana kuka tana cewa a bar shi, abokin mijinta ne, tare suke aikin soja, sau da yawa mijinta yakan ba shi waya su gaisa. Jakar ta buɗe a bakin kwata. Ba komai a ciki sai sallaya, da carbi, da hular da ni da kaina na saya wa ƙanina a sallar da ta wuce.

Ashe mota ɗaya suke ranar da nakiyar ta tashi. Shi ya rasa ƙafa, ƙanina ya rasa rai. Duk abin da ya sani game da mu daga bakin ƙanina ya ji, shi ne kuma ya kai sunan yaran ga ƙungiyar, ya biyo baƙuwar nan don ya nuna mata gida. Yana zaune a ƙasa jini na zuba a goshinsa, ya ɗago ya ce mini ba komai Yaya, marigayi ya gaya masa halina. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne washegari. Maƙwabta suka sake shigowa ta'aziyya, aka yi wa ƙanina addu'a a matsayinsa na soja. Tsohon da yake sayar da kilishi a bakin layinmu ya ce mini tun shekarar farko kowa ya sani, wane direba ne yake tafiya ƙirji a gaba kamar ya haɗiyi taɓarya, ga aski ƙwal kullum? Sun yi shiru ne kawai don sun ga ina so a yi shiru. Iyayen matar ƙanina ma ba abin da ya same su. Sirrin da na kusa sa a kashe mutum a kansa, ni kaɗai nake ɗaukarsa sirri.

Na je har unguwar Ndogpassi inda bawan Allahn nan yake zaune na roƙe shi gafara, ya yafe. Shi ya yi ta kai da komo har ƙungiyar ta karɓi yaran. Amma matar ƙanina ba ta yafe da wuri ba. Ranar da ta fita takaba ta haɗa kayanta, ta ce mini cikin ladabi ta gode da riƙo, sai dai ba za ta iya zama inda ake yanke mata hukunci tana raye ba. Ta koma unguwar Sodiko, can ƙetaren gada, wurin innarta. Yanzu tana da keken ɗinki, yaran suna karatu, ni kuma sai da salla nake tsallaka gada in gan su. Zuwana na ƙarshe yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa. Ina zaune na ji ƙanenta yana tambayarta wace ce ni, ta ce masa a hankali, wannan ce gwaggon da ta rantse ba ta san Baba ba.

'Yan'uwana mata, musamman mu da Allah ya ɗora wa riƙon gida, ban ce ku buɗe ƙofa ga kowa ba, don macuta suna nan har gobe. Amma in baƙo ya zo da maganar taimako, ku tambaye shi, ku bi shi ofishinsa, ku kira mai unguwa, kada ku kira masu sanduna. Ku kuma tuna mai takaba mijinta ta rasa, ba hankalinta ba, ku bar ta ta yi magana a kan abin da ya shafi 'ya'yanta. Ni na rufe ƙofa don kada a raba ni da yarinyar nan, ga shi yau gadon da muke kwana tare ni kaɗai nake kwana a kansa. Ku sa ni a addu'a, Allah Ya sassauta zuciyarta a kaina.