Zannuwan Inna a Kan Igiya

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu, aikina shi ne kiwon ƙwayoyin kansar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, a cikin 'yan kwalabe. Mu ba su abinci, mu ajiye su a ɗumi, sannan mu auna sinadaran da suke fitarwa, wato saitokain. Su ake zargi da jawo wa mai cutar zazzaɓi da rama da zufar da ke jiƙa shimfiɗa sharkaf. A gidanmu can Kebbe kuwa cewa ake yi kowa na kiwon shanu, ni na zaɓi kiwon cuta.

Na zo hutu cikin marka, gari da sanyi, amma kullum safiya sai in ga zannuwan mahaifiyata a kan igiya. Ta faɗa, ga mayafi ta naɗe wuya da shi ko daka take. Ranar da ya zame na hango kumburi a ƙasan kunnenta. Duk abin da nake aunawa a kwalba ga shi a tsakar gidanmu.

Matsalar ita ce ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallon idona, balle in zauna in tambaye ta jikinta. Sai na lallaɓa wajen gwaggona.

"Zufa ta dai," in ji gwaggo. "Kumburin kau mun yi magana da wanzami, ran kasuwa shina zuwa ya yi mata sakiya."

Sakiya! A huda wurin da ƙarfe mai zafi tun ba a san mene ne a ciki ba. Ni da nake wa ɗalibai bayani da Turanci tiryan-tiryan, ranar sai da na bi ta bakin gwaggo. Na zauna a ƙofar ɗakin Inna ina magana da gwaggo da ƙarfi, don mai ɗakin ta ji. Na ce ba zan koma makaranta ba sai an je asibiti.

Can daga ciki Inna ta ce, "Ce mai lafiya lau nike."

"Gwaggo, ce mata na ga zannuwa."

Washegari na fito na tarar Inna ta shirya.

Daga asibitin Tambuwal aka tura mu Sakkwato, aka ɗan yanki naman wurin don gwaji. Kwanakin jiran nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na koma aiki, amma ko kwalaben nan na kalla sai in kau da kai.

Na dawo muka je karɓar sakamako, ya nuna tarin fuka ne ya sauka a kaluluwa. Likita ya ce shi ma yana sa jiki ya saki irin sinadaran nan, shi ya sa alamun suka yi kama. Ta sha magani na watanni, ta warke sarai.

Har yau nakan tuna cewa da ba ta yi shanya a idona ba, ban san ta ina zan ji ba. Tun lokacin na daina jira uwa irin tawa ta ce min ba ta da lafiya, in na je gida igiya nake fara dubawa.

Ranar da likita ya yi bayanin, sai da muka shiga mota Inna ta juya wajen gwaggo.

"Ki sai ma wancan tsire. Ya fi ni ramewa."