Kazar Ɗori da Gudun Maraɗi

Ranar wata Lahadi ce da hantsi, a shekarar da nake aji na biyu na kolej, kwana kaɗan bayan mun kwaso gero daga gonarmu ta hanyar Sarkin Yamma. Ina saman tsani a bakin rumbu, yayana Rabe yana ƙasa yana miƙo mini dammuna ina jerawa ciki. Saura dami uku mu gama sai itacen da na taka ya kuɓuce daga ɗaurinsa. Na ga bakin rumbu ya yi mini nisa, sannan na ji ƙas a ƙafata ta hagu, irin ƙarar busasshen kara in an taka shi. Ban yi kuka nan take ba. Ina kwance cikin ƙaiƙayi, Inna tana salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne saura wata biyu da rabi a tafi kuros a Maraɗi.

Kuros shi ne gudun dogon zango da 'yan kolej na garuruwa suke haɗuwa su yi lokacin sanyi, kuma mutum shida kawai ake ɗauka daga makarantarmu ta Madarumfa. Ni a aji ba a jin ɗuriyata. In ana rabon takardun jarrabawa, sai malami ya kusa gajiya kafin ya iso sunana. Amma gudu, wannan nawa ne. Kai fura gona da korar awaki daga lambun mutane su suka koya mini shi tun ban san ana ba mutum riga saboda shi ba. Mushe Illa, malaminmu na wasanni (mushe muke ce wa malamai maza, daga Faransanci), wani dogo siriri da usur a wuya, shi ya fara lura da ni. Kullum da sassafe yakan fitar da mu mu bi gefen tabki ba takalmi, mu wuce masunta suna warware koma, mu ratsa ta bayan lambunan albasa, mu dawo lakwal, wato makaranta, kafin a buga ƙararrawa. Yakan ce, "Lawali, kai ba ka da sauri, amma ba ka san gajiya ba." Ban taɓa samun yabon da ya zauna mini a rai kamar wannan ba.

Wasu maƙwabta suka ce a kai ni likita, Baba bai ko dube su ba. Shi ma hannunsa na dama Malam Gambo maɗori ne ya ɗora shi tun yana saurayi, kuma da wannan hannun yake noma har ranar. Aka tura Rabe da keke ƙauyensu a bayan tabki, kafin azahar ga tsohon ya iso da 'yar jakarsa ta fata. Ya shafa ƙafar da yatsa biyu, ya sa a kawo kara da man shanu da tsumma, sannan ya ce a kamo masa kaza. Jar kazar Kaka ce ta yi rashin sa'a. A gabanmu ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗora ta da 'yan tsinke, sannan ya juyo kaina, mutum uku suka danne ni. Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Da ya gama ya wanke hannu, ya ce wa Baba, "Ran da kazag ga ta taka ƙahwa tata da kanta, ku kwance mai. Amma a riƙa kai mata abinci har baki, kar a bari ta nema." Kaka, wadda kullum take ce mini angonta, ta riƙe haɓa ta ce, "Ango ya hwaɗi, kazata ta sha wuya. Wane irin aure ne wanga?"

Aka shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a tsakar gida, aka ajiye kazar kusa da kaina cikin tsohon kwando. Tun da ni ne ba ni da aikin yi, sai aka bar mini ciyar da ita. Kwanakin nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Gida yana ta harkarsa a kaina: Inna na sussuka, ƙannena na ɓarar gyaɗa suna faɗa, Rabe na ɗaure harawar wake yana jefawa saman rumfa, ni kuwa ina bin inuwa da jan gindi. Da safe nakan ji sawun abokaina suna wucewa ta bayan danga, da usur ɗin Mushe Illa yana nisa, sai in ja zane in rufe fuska. Ranar Laraba da Asabar Mushe Illa yakan leƙo bayan la'asar, ya sa ni ɗaga tubali da hannu, ya sa ni tashi zaune in koma kwance har cikina ya ɗauki zafi, ya koya mini jan numfashi ta hanci ina ƙirgawa. Ina yi, amma raina yana kan kwando. Zaɓen mutum shida yana matsowa, kazar kuwa ta samu duniya. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, tana lumshe ido, ba ta da niyyar zuwa ko'ina.

A kwana na goma sha ɗaya wayo ya zo mini, irin wayon da ke zuwa wa yaro in ya daɗe a kwance. Na ce a raina, in mutum ana koya masa gudu, me zai hana a koya wa kaza tafiya? Na fara rage mata tsaki, ina tura sauran ƙarƙashin tabarma. Da hantsi, in mata sun tafi rijiya, sai in karkata kwandon in watsa 'yan ƙwayoyi taƙi ɗaya daga bakinta. Ranar farko ta miƙa wuya kawai. Washegari ta ja ciki. Na ƙara nisa zuwa kamu ɗaya, na ƙara rage abincin, har na fara yi mata irin maganar da Mushe Illa yake yi mana in mun kusa sarewa. Tana kallona da ido ɗaya tana haki, na san yunwa take ji, kuma ban ji tausayinta ba. A kwana na goma sha takwas ta miƙe, ta ɗora ƙafar a ƙasa, ta yi taku huɗu zuwa wurin tsakin. Na ƙwala ihu har Inna ta yar da taɓarya.

Kowa ya taru ana hamdala. Kaka ce kaɗai ta ɗauki kazar ta shafa ƙirjinta, ta dube ni ta ce, "Wagga ba sauƙi ya tashe ta ba." Na kawar da kai. Baba kuwa magana ɗaya ya sani, maɗori ya ce in ta taka a kwance, ga shi ta taka. Da yamma ya zauna da aska ya yanke tsumman da kansa. Ƙafar da ta fito ban gane ta ba, ta rame, fata na saɓulewa, tana warin tsohon man shanu.

Daga nan wahala ta gaske ta fara. Sati na farko da sanda nake zuwa tabki, in shiga ruwa har cinya in yi ta tafiya, don Mushe Illa ya ce ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyi. Shi hankalinsa bai kwanta ba. Sau biyu yana zuwa wurin Baba a kan a kai ni Maraɗi a ɗauki hoton ƙashin, Baba ya ce ai an gama. Mushe Illa ya matsa wurin da yatsa ya tambaye ni ko da zafi, na cije haƙori na ce babu. Ya hana ni gudu sai na ƙara sati uku, ni kuwa da ya juya baya sai in bi ta cikin lambuna inda ba mai ganina, in yi sassarfa. Kowane taku kamar ana soka mini tsinke daga idon sawu har gwiwa. Na samo yankin robar tayar keke ina ɗaure wurin tamau a ƙarƙashin wando. In na dawo in roƙi Inna ruwan zafi da sunan wanka, in zuba gishiri in tsoma ƙafa a bayan ɗaki. A aji barci nake yi, abinci ma ya daina yi mini daɗi. Na gaji, gajiyar da ban taɓa sani ba, wadda barci ba ya cire ta. Ranar zaɓe muka zagaya gefen tabki mu ashirin da wani abu, na shigo na shida, ina jin numfashin wanda ke bayana. Na zauna a gindin tutar lakwal ban iya ko murna ba.

Kwana uku bayan haka Malam Gambo ya biyo ta gidanmu daga kasuwa don ya duba aikinsa. Ya sa na miƙe ƙafa a tabarma, ya bi ƙashin da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri da ya yi tudu. Sannan ya ce a nuna masa kazar. Ga ta can gindin turmi tana tafiya tana karkacewa, ƙafar ta warke a lanƙwashe. Ya dube ta, ya dube ni, na san ya gane. Bai tona ni ba. Ya ce wa Baba ƙashin ya kama a karkace, amma har yanzu ɗanye ne. In aka sake karyawa yanzu, aka kwanta kwana arba'in, ƙafar za ta miƙe sak. In aka bari wata guda ya ƙara wucewa, to ba shi ba, ba wani ba, ba mai iya gyara ta. Saura sati uku a tafi Maraɗi. Baba, wanda bai saba tambayar yaro ra'ayi ba, ranar duk ya rikice, don shi a saninsa ya bi umarni daidai. Ya juyo ya ce, "Lawali, ƙahwarka ce. Mi ka gani?" Na ce a bari in dawo daga Maraɗi. Tsohon ya ɗauki jakarsa, ya yi mana sallama.

Mun tafi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da asuba, sanye da koren mayo, rigar wasanni ta makaranta, ni da takalmin aro da ya fi ni girma. Ban taɓa ganin yara masu gudu da yawa haka a wuri ɗaya ba. Da aka busa usur na manta da komai, har zuwa rabin hanya ina cikin na gaba-gaba, ina jin Mushe Illa yana kiran sunana daga gefe. A wata 'yar gangara mai tsakuwa ƙafar ta ƙi ni. Ba ta sake karyewa ba, ta daina ɗaukata ne kawai. Na ga bayan waɗanda na wuce ɗaya bayan ɗaya, har 'yan ƙanana da na girme su. Na ƙarasa da ɗingishi lokacin da ake naɗe igiyar ƙarshe, masu sayar da ruwa ma sun fara watsewa. Mushe Illa bai yi mini faɗa ba. Ya durƙusa ya goya ni har bakin kamiyo, duk hanyar gida ba wanda ya yi waƙa.

Da kumburin ya sauka aka kai ni wurin Malam Gambo. Ya taɓa sau ɗaya ya girgiza kai. Baba ya rasu yana ganin ƙaddara ce kawai, ban taɓa samun bakin gaya masa abin da na yi ba. Kaka ta hana a yanka kazar, muka yi shekara biyu muna karkacewa tare a tsakar gida, tana ce mana 'yan biyunta. Na bar kolej a aji na uku na koyi ɗinki, da yake ƙafar dama ta isa taka keken ɗinki. Amma ban haƙura da wuri ba. Shekara da shekaru, duk sanyi ya shigo sai in ɗaure ƙafa in fita gefen tabki, in fara da tafiya, in koma sassarfa, in ce bana kam za ta yarda. Sati biyu ina gudu, wata guda ina jinya. Na kai shekara talatin da 'yan kai kafin in je a ɗauki hoton nan da Mushe Illa ya nema, likitan ya ɗaga shi sama ya faɗi abin da tsoho ya faɗa da yatsa ɗaya.

Yanzu shagona yana bakin titi. Da safe ina share ƙofa yaran kolej suke wucewa a guje, maza da mata, da takalma masu kyau, malaminsu yana bin su a kan babur da waya a hannu yana duba lokaci. In ɗayansu ya ji rauni Maraɗi ake kai shi, a sa masa filasta, a rubuta ranar cirewa a jikinta, ba yadda zai yi ya matso da ita. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu har su ɓace, ina gane mai sauri da wanda bai san gajiya ba, kuma har yau ƙirjina yakan ɗauki numfashinsu kafin in ankara. Sai in ja ƙafata in koma ciki in zauna. 'Yan makonni na kasa jiran ƙafata ina yaro, ga shi na tsufa ina jira.